Shukar da Ba Ta Son Ruwa

"Ajiye kofin nan," na ce mata. "Kashe ta za ki yi."

Auta ta juyo, ruwa na ɗiga daga gindin tukunyar shukar zuwa dakalin taga. 'Yar maƙwabcina ce, tsoho Mai Agogo, wanda ƙofarsa ke kallon tawa. Ta baro miji da 'ya'ya ta zo jinyarsa, shi kuwa ciwon maƙogwaro ya kai shi inda ko ruwa ba ya wucewa.

"Inna, ƙasar ta bushe fa."

"Haka take so. Ba ki ga 'ya'yanta ɓul-ɓul ba? Ruwanta na cikinta."

Shukar ta marigayiya uwar Auta ce. A rataye take a taga, igiyoyinta na zubowa da ƙananan ƙwallaye koraye kamar carbi. Tun da idon tsohon ya mutu ya bar gyaran agogo, ita ce aikinsa. Sai ƙasar ta bushe ƙamas yake ɗiga mata ruwa, yana mita wai ta fi duk mutanen gidan nan haƙuri. Da ya kwanta, ya sa aka jawo gadonsa gindin taga don hannunsa ya riƙa kai mata. Abu ɗaya ya roƙa, kada shukar ta riga shi tafiya.

Na yi faɗa har bakina ya gaji. Amma yarinyar nan wuni take da cokali a bakin ubanta, ruwan na dawowa ta gefe. In ta rasa yadda za ta yi, sai ta juye sauran a tukunya. Haushi take ba ni, tausayi kuma ya fi.

Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune tsohon ya miƙa hannu yana laluba. Igiya ɗaya ta biyo shi salin-alin, gindinta baƙi, ya ruɓe. Ya kai hanci ya shinshina.

"Auta," da ƙyar muryar ke fita, "kin shayar da ita."

"Baba, kai ka ƙi sha!" Ta fashe da kuka. "Wa zan ba?"

Na zaci faɗa zai yi, don shi ba ya barin ta kwana.

"Kawo," ya ce.

Ta ɗebo a cokali. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, har ya haɗiye. Na kau da kai, don na san azabar da ya sha. Kafin la'asar ya cika.

Da aka fita da shi muka shiga kwashe shimfiɗa. Kafaɗata ta gogi tukunyar, sauran igiyoyin duk suka zubo kan gado. Auta ta durƙusa tana tsince ƙwallayen daga zanin gado ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannu.