Bidiyon Jana'izar Samson

A Rasha Samson ya rasu, inda ya je karatun likita, kuma can aka binne shi. Mahaifiyarsa Deborah, mai sayar da doya a kasuwar Narayi da ke Kaduna, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Ga mutanen da ko a Legas ɗansu ya mutu sai sun ɗauko shi sun kai ƙauye, wannan ciwo ba ƙarami ba ne. Abin da ya ɗan sanyaya mata rai shi ne abokan karatunsa sun ɗauki jana'izar a bidiyo, sun ɗora a babbar kwamfutar makarantarsu, sun aiko da adireshin da za a sauke shi ta intanet. Amma sun ja kunne cewa ranar Asabar za a share shi, don wurin aro ne.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, shagunan intanet sun fara cika unguwanni. Ɗaya daga ciki na Filibus ne, abokin Samson tun suna firamare, wanda tuwon Deborah ya gina masa rabin jikinsa.

"Mama, ki bar min wannan," in ji shi, idonsa ya yi ja. "Samson ɗan'uwana ne. Fayil ɗin ƙato ne, amma zan ware masa kwamfuta ɗaya, babu mai taɓa ta."

Ya nuna mata wani siririn layi shuɗi a kan allon. Idan ya cika, bidiyo ya sauko. Idan kuwa aka katse shi a hanya, kwamfutar ba ta san ci gaba ba, sai a koma farko. Deborah ta gane sarai. Ta sha tsayawa a famfo bokitinta ya kusa cika wani ya yi tuntuɓe da shi.

Ta riƙa zuwa kullum da safe kafin ta wuce kasuwa, kullum kuma ta tarar layin ya koma gindi.

"Wuta ce, Mama. Sun sake ɗaukewa."

Masu wuta sun sha zagi a bakin Deborah a makon nan, zagin da bai dace da 'yar zumuntar mata ba. Da ta gaji da zagin, ta ɗauko jarkar fetur a ka ta dire masa kusa da janareta. Filibus ya karɓa yana sunkuyar da kai, ita kuma ta ɗauka kunya ce.

Ranar Asabar ba ta fita kasuwa ba. Tun safe ta zauna gaban kwamfutar tana kallon layin yana rarrafe, har ya wuce inda bai taɓa kaiwa ba. A makon ne sakamakon jarrabawa ya fito, ɗalibai sun cika shagon maƙil. Ta lura Filibus bai sa komai a cikinsa ba, tausayinsa ya kama ta, ta ruga gida ta ɗebo masa faten acca.

Tana dawowa bakin ƙofa ta ji wani saurayi yana buga tebur.

"Oga, netwok ɗinka na jan ƙafa fa! Wallahi shagon Barnawa za mu koma."

"Kashe na tsohuwar nan mana," in ji wata budurwa, "yadda ka yi jiya da shekaranjiya. Shi ke shanye komai."

Filibus ya leƙa titi ta taga, bai duba ƙofa ba. Ya miƙa hannu ya danna. Layin ya ɓace.

Da ya juyo ya gan ta, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mama, wuta ce..."

"Fanka na juyawa, Filibus."

Ba ta yi ihu ba. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da aka kawo mata labarin mutuwar zafi ta wani gefe, don mutuwa ba ta taɓa cin tuwonta ba.

"Kwastomomi ne, Mama. Cewa na yi idan sun ragu sai in mayar. Yanzu ma zan mayar, ki gani."

Ya buɗe adireshin. Shafin ya fito fari fat da ɗan rubutun Turanci a sama. Ya sake gwadawa. Budurwar nan ce ta karanta a hankali, ba ta kalli kowa ba: fayil ɗin babu shi kuma.

Deborah ta ajiye kwanon a kan tebur.

"To, wanda ya riga ya sauko fa? Ai ya kusa cika. Nuna min ko rabin ne."

"Mama, in aka katse, duka yake tafiya."

Ta dubi farin allon.

"Ba wani abu nake nema ba," ta ce. "So nake in ga ko akwai wanda ya yi masa addu'a kafin su rufe shi."