Kara Ta Ci Gidan Iya

Maza biyu ne suka haɗu suka raba mu da gidanmu, kuma ba da faɗa ba. Da ma faɗan suka yi, wallahi da na fi samun sauƙi. Ɗaya mahaifina ne, Alhaji Tahir. Ɗayan mijina, Mudi. Eh, na faɗi sunansa gatsal, mai cewa ba ni da kunya ya ce. Kunyar ce ta kai mu inda muke.

Baba yana da kamfanin ajiye nama a unguwar Logbaba, da manyan ɗakunan sanyi, yana kai wa otal-otal. Mudi kuwa dillalin shanu ne. Wani Bafillace daga Ngaundere, Ɓoɓɓo, shi ke lodo masa shanu ya sayar ya aika masa kuɗin, amana ce tun ta iyayensu. Bara, gab da babbar salla, Mudi ya kai wa kamfanin Baba garke guda na Ɓoɓɓo, aka yanka, aka ce biya sai bayan salla. Bayan salla injinan sanyi suka mutu, nama ya ruɓe, banki ya taso. Kotu ta rufe kamfanin, ta naɗa wani mutum, sindik ake ce masa, ya sayar da komai ya raba wa masu bin bashi.

Ni sakatariya ce a ofishin wani lauya a Akwa, saboda haka na san yadda abin yake. Duk mai bin kamfani sai ya kai takardarsa wurin sindik kafin wa'adi ya cika. In ya wuce, ka wuce.

Na samu Mudi a tsakar gida yana cin tuwo, na ce, "Baban Ikhlas, gobe ka kai takardar shanun nan."

Ya ajiye lomar. "In kai ƙarar Alhaji?"

"Wa ya ce ƙara? Suna kawai za ka rubuta. Kuɗin ba daga aljihun Baba za su fito ba, kayan kamfani ne. In ba ka karɓa ba, banki ne zai haɗiye rabonka."

"Rakiyatu, mutumin da ya ɗauke ki ya ba ni? Ranar Juma'a a masallaci a ce ga Mudi can cikin masu yagar naman Alhaji? Allah ya kiyaye."

Na hau bensikin, wato acaɓa, ruwa na dukana, na tafi wurin Baba. Na ce ya sa sunan Mudi cikin mutanen da kamfani ya ci bashinsu, don sindik ya aiko masa da sanarwa, ka ga ba shi ya kai kansa ba. Baba ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Suruki ba baƙo ba ne da za a jera shi da banki. Da hannuna zan biya shi." Da wane hannu, Baba? A lokacin ko motarsa an riga an ɗauke.

Abin da zai ba ka haushi, maganar minti biyar ce da sun zauna. Amma tun ranar ɗaurin aurena mutanen nan ba su taɓa haɗa ido ba. In Mudi ya hango Baba a layin kasuwar Marché Central, sai ya shige wani lungu. In babu lungu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a cikin taɓo. Gaisuwa ce kawai ke shiga tsakaninsu, lafiya lau, lafiya lau, alhamdu lillahi. Duk wata magana mai nauyi ni ce jakarta. Na yi ta zirga-zirga, wannan ya ce ba zai kai ba, wancan ya ce ba zai rubuta ba, har wa'adin ya cika ina kallo.

Sai ga Ɓoɓɓo ya sauka. Dogo, siriri, da sandarsa. Bai yi mana hayaniya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ciwo. Yana zaune a zaure yana shan shayi, in na kai masa abinci ya yi ta godiya. Rannan ne kawai ya ce wa Mudi, a hankali, rabin shanun na 'yan'uwansa mata ne da mazansu suka rasu. Da Ɓoɓɓo ya fita masallaci Mudi ya shigo ɗaki ya ce, "Zan sayar da gidan."

Gidan nan na New Bell kakan Mudi ne ya kafa shi, lokacin da ya zo fataucin goro. Ba wani gidan a zo a gani ba ne, in damina ta kankama kwata har bakin ɗaki take kawo mana ziyara. Amma Iya, mahaifiyar Mudi, a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife shi, a nan aka yi wa mijinta wanka. Idonta ya yi rauni, da lalube take tafiya, kuma bangon gidan nan kaɗai hannunta ya sani. Na ji tsoro ƙwarai, na rasa barci.

Na kai wa lauyan da nake wa aiki kuka. Ya cire tabarau ya ce akwai ƙofa ɗaya. Alƙali yana iya karɓar wanda ya makara in jinkirin ba daga gare shi ba ne. Shawararsa ita ce Mudi ya tsaya a kan cewa ba a aiko masa da sanarwa ba, tunda ba a sa sunansa ba. "Amma, Madame," in ji shi, "za a juya kan mahaifinki, a tambaye shi dalilin da ya ɓoye bashi. Abin zai iya yi masa zafi."

Na sake hawa bensikin. Baba ya saurare ni, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ya faɗa. Gaskiya ce, ni na ƙi rubutawa. Ki ce masa na yarda." Na sumbaci hannunsa ina kuka. Na dawo na gaya wa Mudi, ya ce, "To." Na ɗauka to ɗin na yarda ne. Shekara nawa ina zaune da mutum, ban gane irin to ɗinsa ba!

A kotun Bonanjo, alƙaliyar mace ce mai furfura, ba ta da wasa. Ta juya takardu, ta tambaye shi da Faransanci, "Monsieur, ka san da wa'adin kafin ya cika?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, har sai da na ji ƙashi.

Ya ce, "Na sani. Matata ta gaya mini tun da wuri."

"To me ya hana ka zuwa?"

"Mai kamfanin surukina ne."

Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni. Na ga tausayi a fuskarta, amma ta ce doka ba ta san suruki ba. Ta rubuta kalma ɗaya, forclos, wato an rufe ƙofa.

A bakin titi na fashe. Na ce, "Ba a aiko maka da sanarwa ba, ƙarya ce wannan? Baba da bakinsa ya ce ka faɗa!" Ya ce, "Ba sanarwa ta tambaye ni ba. Kuma don Alhaji ya miƙo wuyansa, sai in sa wuƙa?" Na so in shaƙe shi. Na kuma san da ya yi abin da na ce, da bai ƙara iya bin layin gidan Baba ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu wadda ta hana a sayar da gidan.

Wani mai gina shaguna ya saya. Aka sallami Ɓoɓɓo, ya tafi yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Muka kama haya ɗaki biyu wajen Marché Dakar.

Ranar tashi, da hantsi, ana yayyafi, Iya na zaune a kan turmi a tsakar gida, tafin hannunta a jikin bango. Sai ga Baba ya shigo, da ƙafa ya zo. Bai taɓa taka gidan nan ba sai ran nan. Mudi ya zube ƙasa. Lafiya lau, lafiya lau, ya gida, alhamdu lillahi. Gidan da ake kwashewa ake tambaya!

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a igiyar shanya. Ya shiga ɗakin Iya, tsoho da shi, ya kama gadonta na ƙarfe ta gefen kai. Mudi ya yi wuf ya kama ta gefen ƙafa, kansa a sunkuye. Suka taho har bakin ƙofa, gado ya cije. Ko yaro ya san sai an karkata shi zai fita. Amma Mudi ba zai ba Alhaji umarni ba, Alhaji kuma ba zai sa surukin da ya rasa gida ta dalilinsa aiki ba. Suka tsaya riƙe da gado, ruwa na sauka a bayan Mudi, kowa yana kallon ƙasa.

Iya ta ji ƙarar ƙarfe a jikin ƙofa. Ba ta juyo ba, ta ce, "Rakiyatu, ki gaya musu su karkata shi. Haka aka shigo da shi."

Dukansu suka ɗago suna jiran bakina. Na naɗe hannuwana, na ce, "Iya, ki yafe mini. Na gama kai saƙo."