Awon Kunun Kyauta

Elhaj Maman Lawali ya dire robobi biyu na kunun zaƙi a kan teburin labo, ɗakin awo, ya tura ɗaya gaban Fadila da ɗan yatsa kamar mai gudun najasa.

"Wannan za ki auna mini, ɗiyata. Ɗayan nawa ne, na kawo don ki ga yadda na halal yake."

Fadila ɗiyar amininsa ce, awon abinci ne aikinta. Ta ce, "Na wa ne wannan ɗin, Baba?"

"Na Kyauta, wata mata daga ƙauyukan Jiratawa. Ba ta salla, kuma kowa ya san gidansu ana dafa burkutu."

Tun da Kyauta ta fara kawo kunu tasha, direbobi suka juya wa na Elhaj baya, duk da robobinsa masu takarda da aka rubuta Halal da koren tawada. Shi kuwa ya faɗa a ƙofar masallacin Sabon Gari cewa giya ce ke jan su, har ya yi wa liman alkawarin hujja.

Fadila ta shiga ciki da robobin duka biyu. Da ta fito, sai da ta jawo ƙofa kafin ta zauna.

"Na Kyauta ba komai a ciki."

"Injinku dai ya gaji."

"Naka ne ke da magana, Baba. Ya fara juyawa. Kaɗan ne, amma akwai giya."

"Ni? Ni da na taka Makka?"

"Kunun bai taka ba. Yaushe aka dama shi?"

Elhaj ya gyara zaman hula. Ya ce shekaranjiya ne. Kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta ɗaukewa, firigo ya zama akwati. Amma ai ba a zubar da arziki. In ya yi tsami, sukari suke ƙara masa.

"To, abinci kuke ba giyar," in ji Fadila.

Bai bi ta masallaci ba, tasha ya nufa. Ya iske Kyauta tana ɗauraye bidon, jarkar da take zuba kunu, ta sayar ƙarƙaf tun kafin azahar. Ta gaishe shi ba tare da ta daina aikinta ba.

"Ke, ragowar kunu yaya kike yi da shi?"

"Awaki nake ba, Elhaj. Gero in ya kwana cikin zafin nan, ya kama hanya. Ni da na tashi a gindin tukunyar burkutu, daga kumfa nake gane shi."

Ya miƙa mata robarsa. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe da sauri.

"Wannan in ka bar shi zuwa jibi, tsofaffinmu za su saye."

Elhaj ya duba hagu, ya duba dama. Direbobi na can suna gardamar lodi.

"Bidon nawa za ki iya kawo mini kowace safiya? Ta ƙofar baya. Roba da takarda nawa ne."

Kyauta ta share hannu da bakin zane. "An ce kai ne za ka kai ƙarata wurin liman."

"Zan je," in ji shi. "Zan shaida masa an auna, kuma daga gobe duk wanda ya sha kunun Elhaj ya sha halal."