Ranar da Tsigi Ta Buɗe Robar Rilaksa

Warin ne ya fara iso ta. Nas, ma'aikaciyar jinya, tana tsaye a kicin, ko takalmin aiki ba ta cire ba, sai hancinta ya ɗauko wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, warin da ta sani tun tana yarinya: rilaksa, man miƙar da gashi. Alhali robar da ta sayo wa kanta jiya ko buɗe ta ba ta yi ba.

Da gudu ta banka ƙofar banɗaki. Tsigi, 'yarta tilo mai shekara shida, tana tsaye a kan bokitin da ta kifa don ta kai madubi. Rabin kanta fari fat da mai, ta dantse haƙora, hawaye na zuba amma ko uffan.

Nas ba ta san lokacin da ta sunkuce ta ta tura kanta ƙarƙashin famfo ba. Ruwa na zuba, gashi na bin ruwa. Da ta ɗago ta, bayan kunnen hagu ya yi jajir, fili kamar tafin jariri, babu ko sili ɗaya. Ita da kullum take ɗaure raunukan mutane a asibiti, yau 'yarta take shafa wa magani.

Ta tambaye ta wa ya sa ta. Tsigi ta ce ba kowa, kuma ai Mama ce take cewa in ya yi zafi to yana aiki, shi ya sa ta daure. Sai ta sunkuyar da kai.

"'Yan ajinmu sun ce ba ke kika haife ni ba. Wai naki a miƙe, nawa kamar soson wanki. In ya miƙe zan zama 'yarki, ko?"

Nas ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti. Ta rantse ita ta haife ta, ta maimaita, yarinyar dai gashin uwar kawai take kallo. Baban ma ba zai iya ba da shaida ba, shi da yake da sanƙo, kai sul kamar bayan ƙwarya.

Ta saɓa ta a kafaɗa suka sauka shagon da ke ƙasan benensu, wurin Anti Mai Almakashi, mai gyaran gashin da bakinta ya fi almakashinta kaifi. Anti ta duba ƙunar ta ce fata za ta warke, gashi zai dawo, sannan ta tambayi yadda ake taje kan yarinyar. Nas ta ce kullum da safe, a bushe, da ƙaramin mataji, ana kuka ana ja, yadda aka yi mata ita ma kafin a fara shafa mata mai. Anti ta riƙe haɓa ta ce lallai, an mai da kan 'yar mutane filin dambe.

Ba zato ta kai hannu ta zame ɗankwalin Nas, ta buɗa gashin har gindi, inda sabon tsiro ya taso, wanda dominsa aka sayo robar.

"Tsigi, zo ki ga uwar soson."

Nas ta daɗe tana kallon madubi. Gashin ya sauko har kafaɗa, shekara da shekaru tana tattalinsa.

"Anti, yanke shi. Ki bar na ƙasan."

Anti ta tambaye ta ko ta yi shawara da maigidan. Nas ta ce wanda bai da gashi ba a shawarar gashi da shi.

Almakashi ya yi ta ƙyas-ƙyas, baƙin gashi na zuba a cinyar Nas. Anti ta fesa ruwa, ta murza man kwakwa a tafi, ta shiga warwarewa da yatsu, tana faɗa tana nunawa: a jiƙe ake taɓa irin wannan kai, daga bakin gashi a gangaro gindi, mataji mai manyan haƙora, a kwana da ɗankwali mai santsi.

Nas ba ta ji rabin bayanin ba. Gashin yana nannaɗewa a gaban idonta, zobe-zobe ƙanana, baƙi wuluk, yana sheƙi. Shekara talatin da kai a wuyanta, yau ta fara ganin kyan abin da ke tsirowa a kansa. Bakinta a buɗe, ta kasa rufewa.

Tsigi ta hau kujera. Ta ja sili ɗaya na uwar ta saki, ya koma tsul. Ta ja nata, ya koma tsul. Ta sake gwadawa don kada a cuce ta, sannan ta kwantar da kai a wuyan Nas, ta ce gobe tare za su je makaranta, kuma ban da ɗankwali a bakin aji.

Can sai ta ɗago, ta haɗa gira.

"To amma Mama, gashin Kaka a miƙe yake. Ke wa ya haife ki?"

Anti ta karkaɗe almakashinta, ta ce a kawo mata Kakar.