Fuskar Jalilu

"Wannan ba zai yi ba, Baba Moro," in ji Falalu mai buga hotuna, ya turo masa hoton a kan tebur. "Yaro ne ɗan shekara goma da rigar makaranta. Wanda ya rasu kuwa har da gemunsa. Ƙarfe shida nake rufewa, ka samo wani."

Moro ya mai da hoton aljihu, ya fito titin Maamobi.

Gobe ne addu'ar arba'in ta ɗansa Jalilu. A unguwarsu in za a yi addu'a, akan buga hoton mamaci a kan ƙyalle a rataye a bakin rumfa. Malamai na faɗa a kai, mata ba su fasa ba. Da ta Moro ce, da ba a buga komai ba. Amma motar da Jalilu ya shiga ta yi karo a hanyar Winneba, aka binne shi can a ranar, uwarsa Mulikatu ba ta gan shi ba. Tun lokacin ba ta yi wa Moro magana ba sai jiya, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai ka kore shi. Ka nemo mini fuskarsa."

Gaskiya ta faɗa. Moro mai walda ne a Kawukudi, ya so yaron ya gaje shi. Yaro ya sayi kyamara ya bi bakin teku, daga Keta har Axim, yana ɗaukar kwale-kwale da tsofaffin coci yana sayar wa otal-otal. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ya nuna wa Moro hotunan cocin a waya a gaban mutane ya ce, "Massa, ɗanka fasto zai zama ne?" Aka yi dariya. Moro ya dawo gida ya jefa jakar yaron waje. Ya san Jalilu bai bar salla ba. Dariyar ce ta ci shi. Shekara huɗu ke nan.

A gida ya tarar da 'yarsa Nasiha a bakin ƙofa da kwamfutar yayanta a kan cinya.

"Baaba, hoto ya fi dubu uku a ciki. Babu shi ko a ɗaya."

"Abokansa fa?"

"Sun turo biyu. Ɗaya kyamara ta rufe masa fuska, ɗaya ƙeyarsa ce."

Moro ya jawo benci ya zauna. Bai taɓa kallon aikin yaron ba. Ga masunta suna jan taru da sassafe. Ga wata coci fara a kan tudu, rabin rufinta ya tafi, akuya na kwance a matakala. Ga ruwa yana dukan dutse har kumfa ta rufe rabin hoton. A ƙarƙashin kowane akwai rubutun Turanci. Moro aji uku ya yi a makaranta.

Ya nuna hoton wata tsohuwar coci. "Me ya ce a nan?"

Nasiha ta karanta tana juya masa da Hausa. "Ya ce: Na zauna a nan awa biyu kafin na ɗauki hoto ko ɗaya. Waɗanda suka gina wurin nan sun mutu, jikokinsu sun koma cikin gari, sai tsoho ɗaya da tsintsiya. Ya ba ni dokunu, tuwon masarar nan, da kifi. Ya ce tun da na ɗauke shi hoto, dole shi ma ya ɗauke ni."

Ta tsaya. Suka dubi juna.

"Ina ne?"

"Jamestown."

Motar haya ta trotro biyu ya shiga, sauran ya taka da ƙafa. Rana ta take, warin kifi da hayaƙi sun cika lungu. Cocin na can ƙarshen layi, bayanta teku. Gishiri ya cinye fentin, bangon ya yi dabbare-dabbare. Moro ya tsaya a bakin ƙofa. Shekararsa hamsin da shida bai taɓa sa ƙafa cikin coci ba. Ya duba hagu, ya duba dama, ko akwai ɗan unguwarsu da zai gan shi. Sai ya ji haushin kansa, ya cire takalmi ya shiga.

"Sa takalminka, Alhaji, nan ba a cirewa," in ji wani tsoho da yaren Ga. Siriri ne, da tsintsiya a hannu. Sunansa Ataa Lante, shi ke kula da wurin.

Moro ya amsa masa da Ga, don a cikin masu yaren ya tashi. "Ina neman wanda ya ɗauki hoton wani yaro mai kyamara. Jalilu."

Fuskar tsohon ta washe. "Kai ne mai waldar! Ai ga goshin nan. Zo, zo ka gani." Ya kama hannun Moro ya ja shi zuwa wata doguwar taga mai kallon ruwa. Ƙarfenta ya ruɓe, an ɗaure da igiyar taru. "Ya ce babansa in ya taɓa ƙarfe, sai dai ginin ya faɗi ya bar tagar. Ya ce wata rana zai kawo ka. Na ce masa Alhaji zai shigo nan? Ya ce babana bakinsa ne da zafi, hannunsa babu ruwansa. Ina shi ɗan banzan? Ya yi mini alkawarin hotona tun kafin Kirsimeti."

Moro ya kama ƙarfen ya girgiza. Tsatsa ta zubo masa a hannu.

"Ya rasu. Gobe kwana arba'in."

Tsohon ya saki tsintsiyar. Ya zauna a benci, ya rufe baki da hannu. Ana jin ruwa yana zuwa yana komawa a bayan bango, can kuma wata mai kifi na zagin wani.

"Nan yake shimfiɗa abin sallarsa," in ji tsohon daga baya, ya nuna inuwar waje ta taga. "Ni nake ba shi ruwa a roba."

Ya ciro wata waya mai fasasshen gilashi, ya daɗe yana dannawa, sannan ya miƙa. Hoton ya ɗan karkace. Jalilu ne, da gemu, ya yi ƙiba kaɗan, yana dariya baki buɗe kamar yana cewa ba haka ake riƙewa ba. Dama da shi taga ce da shuɗin teku. Bayan kansa kuwa, daidai saman hularsa, ga babban gicciye na katako a bango.

Moro ya daɗe yana kallo. Bai san yaron ya fara sanƙo ba sai da ya ga gefen hular. Irin na ubansa.

Ataa Lante bai iya turawa ba, Moro ma haka. Tsohon ya ce, "Tafi da wayar. Ka dawo da ita in kun gama."

"Ba ka san ni ba."

"Na san ɗanka."

Shida saura kwata ya isa Maamobi. Falalu ya riga ya sauke rabin ƙofa. Ya jona wayar, hoton ya cika allon kwamfuta. Ya yi fito a hankali.

"Chale, Baba, a coci ne fa. Kar ka damu, minti biyar ne. Zan yanke shi in ɗora a kan kore, ko in sa masa masallacin Madina a baya. Kowa haka nake masa. Ba mai sani."

Moro ya yi tunanin rumfar gobe, da liman a sahun gaba, da mutumin nan na ranar Juma'a wanda tabbas zai zo cin shinkafa.

"Na rumfa, sa kore. Kar ka sa masa inda bai je ba."

"To. Shi ke nan?"

"Ka buga wa uwarsa ɗaya ƙarami. Wannan kar ka taɓa komai."

Falalu ya juyo ya dube shi. "Har da katakon?"

"Har da shi."

Injin ya fara ƙara. Moro ya tsaya yana goge tsatsar hannunsa a wando, ba ta fita ba.

"Falalu."

"Na'am, Baba."

"Ƙaramin nan, mai da shi biyu. Ni ma ina so."