Wanda Inna Take Jira

Na tarar da ita durƙushe tana tura buhun hatsi ƙarƙashin gado, numfashinta na fita da ƙyar.

"Inna, me kike yi haka?"

"Sun dawo. Ba kya jin motocinsu?"

Motocin masu gyaran hanya ne. Na faɗa mata jiya, na faɗa shekaranjiya, har bakina ya gaji. Na kama ta na mayar kan katifa.

Katanga ce kawai tsakanin gidana da nata. Duk ƙauyenmu ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga shekarar da sojojin ƙetare suka tsallako kogi. Da can ba ta son zancen, a bakin iyayenmu muka ji. Sun kwashe rumbuna, sun kora shanu, sun tasa maza a gaba su yi musu dako. Har da mijinta. Ya bar ta da tsohon ciki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tun da ciwo ya kwantar da ita, sai ta koma wancan zamanin da zama. In na kai mata abinci ta ce in rage murya. In yarana sun yi gudu a tsakar gida ta ce in ɓoye su.

Na aika wa ɗanta, makanike ne a birni, shi ma duk ya yi furfura. Ya iso da la'asar, ya tsaya bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sun sake ka?"

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Sun sake ni," ya ce.

"Ka rame. Kayan da nauyi, ko?"

"Da nauyi."

"Zauna ka huta. Namiji na haifa maka. Ba ya jin magana, amma yana da kirki. Kunnuwanka ya kwaso."

Ya zauna a gefen katifar, ta riƙe hannunsa har barci ya ɗauke ta.

Washegari da hantsi ta cika.

Bayan mutane sun watse, na leƙa ta kan katanga. Yana zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwa a kan gwiwa. Kajinta na shiga ɗakin suna fita ta gefen ƙafarsa, bai kore su ba.