Hoton da Babu Hannunta

Auta na tsakiyar yanka hannun riga Malama ta turo ƙofar shagon da ƙafa, rungume da wani kwali. Ko sallamar ma a gajarce ta yi ta. Ta dire kwalin a teburin yanka, bisa yadin mutane, ta zauna tana haki.

Malama ce ta koya wa Auta ɗinki, tun daga riƙon almakashi. Shekara huɗu Auta ta yi a gabanta, tana shan rankwashi duk sanda layi ya karkace. Yanzu ga ta da shagon kanta, har da shafi a intanet inda take rubutu kan kekunan ɗinki da allurai da zare. Masu karatu sun san ta da abu ɗaya: kowane hoto da hannunta a ciki, da tabon allurar nan a yatsa. In ta yabi abu, to ta taɓa shi.

"Ga keken da kika ce ya fi kowanne," in ji Malama. "Na danna shuɗin rubutun nan naki na saya. Da ya ga yadi mai kauri sai ya cije, ya tara zare a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Na ce ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Zauna ki nuna min."

Auta ta buɗe kwalin. Ta fito da keken, fari tas, sai ƙamshin sabon roba. Ta jona shi, ta ɗauki zare, nan hannu ya tsaya. Ta bi da shi ta dama, ya zame. Ta buɗe wani murfi tana neman mazaunin zaren ƙasa, ashe ba nan ba ne. Fanka na ta ƙugi a sama. Malama ta zuba mata ido, kuma wallahi gara rankwashin da wannan kallon.

"Auta."

"Na'am, Malama."

"Yau kika fara ganin keken nan."

Ba tambaya ba ce. Auta ta ajiye zaren, kunya ta rufe ta har wuya.

"Kamfanin ne ya ba ni wannan shuɗin rubutun, nawa ne ni kaɗai," ta ce, kanta a ƙasa. "Duk wanda ya danna ya saya, na'urarsu na gane cewa ta wajena ya bi, sai su ba ni kamasho. Ko bayan sati ya koma ya saya, suna tunawa. Amma ba a ƙara wa mai saye ko sisi, Malama."

"Shi kuma wannan?"

"Kamashonsa ya fi na sauran. Cikin kekuna ukun da na yi rubutu a kansu, biyu na gwada su. Shi hoton kamfani na sa."

Ta ɗauka babu mai lura. Ita kanta in ta buɗe shafin, ba ta kallon wajen hoton nan.

Malama ta gyara zama. "Ni la'ada ba ta dame ni ba. Dillali ma ci yake yi, kuma halak ɗinsa ne. Amma shi a gabanka yake tsayawa, ka san ko wane ne, sai ka rage wa zancensa gishiri. Ke kuwa a 'yata na saurare ki. Ɗalibaina uku na ce su tara su sayi irinsa. Da bakina, Auta."

"Ai na rubuta ina samun wani abu," Auta ta ce da sauri, kamar mai neman tudun dafawa. Ta ɗauko waya, ta ja shafin ƙasa, ta ƙara ja, har can ƙarshe inda wani layi toka-toka ya maƙale.

Malama ta sa tabarau, ta kai wayar kusa da hanci, ta mayar da ita nesa. "Wannan rubutu ne ko kashin ƙuda? Ikon Allah. Shi kuwa 'danna nan ki saya' ko ba tabarau na hango shi."

Auta ta so ta yi dariya, sai ta ji ƙwalla. Ta san abin da zai biyo baya in ta sa maganar a sama. Wasu za su daina dannawa, wasu su koma tsofaffin rubuce-rubucenta suna neman hannun a kowane hoto. Shekara uku ta yi tana gina shafin nan, tsakanin ɗinki da ɗinki.

Ta karɓi wayar, ta buɗe wajen gyara shafin, ta rubuta a saman komai, da manyan baƙaƙe, sannan ta karanta a fili: "Idan kuka saya ta hanyar shuɗin rubutun da ke shafin nan, kamfani zai ba ni kamasho. Farashinku ba zai canja ba."

"Saura."

"Me ya saura, Malama?"

Malama ta nuna farin keken da haɓa.

Yatsan Auta ya daɗe a sama kafin ya sauka. Ta ƙara: "Keken da na sa a farko ban taɓa ɗinki da shi ba. Na yabe shi ban gwada ba. Ku gafarce ni." Ta tura.

Malama ta miƙe, ta karkaɗe zarurrukan da suka manne mata a zane, ta nufi ƙofa hannu rabbana.

"Malama, kekenki fa?"

"Naki ne na sati guda. Ki ɗinka da shi, mai kauri da marar kauri, abin da ya yi miki ki rubuta musu. An jima zan aiko a ɗaukar min naki, ni ma ina da aikin mutane."

Auta ta dubi tsohon kekenta baƙi, wanda bai taɓa ba ta kunya ba, ta dubi tulin yadin da ta yi alƙawarin gamawa a satin. Rabinsa mai kauri ne.

Sai a karo na uku ta gano hanyar zaren. Ta ɗora hannunta kusa da allurar, ta juya yatsan yadda tabon zai fito, ta ɗauki hoto.